Na fita takaba, gida ya yi mini faɗi: shin zama da matan da suka rasa mazajensu zai taimake ni?

Tambaya:

"Assalamu alaikum Anti. Maigidana ya rasu wata bakwai da suka wuce bayan gajeriyar jinya. Shekararmu goma sha shida da aure, ya bar ni da yara huɗu. Lokacin da nake takaba gidan ba ya rabuwa da mutane, na yi ta daurewa har ana yaba haƙurina. Amma tunda na fita takaba sai abin ya dawo mini sabo fil. Ba na barci, abinci sai na tilasta wa kaina, ƙawayena na da duk sun ja jiki. Abokiyar zamana ta koma gidansu bayan rabon gado, ko waya ba ma yi. Akwai wata maƙwabciyarmu da mijinta ya rasu shekarun baya, ita da wasu mata irinmu suna haɗuwa a gidanta duk ranar Alhamis bayan la'asar, ta gayyace ni. Yayana ya ce kada in je, wai zaman zawarawa ba ya haifar da komai sai gulma da fama mikin da ya fara warkewa, in rungumi haƙuri da addu'a kawai. Shin zama da su zai rage mini wani abu, ko ƙara mini zai yi?"

Amsa:

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Ƙanwata, ya haƙuri? Allah ya jiƙan maigidanki, ya sa ya huta, ya raya abin da ya bari, ke kuma ya ba ki ladan juriya.

Abu biyu kika tambaya a haɗe. Na farko, me ya sa ciwon ya ƙaru a daidai lokacin da kowa ke zaton ya kamata ya lafa. Na biyu, ko zama da waɗanda suka ɗanɗani irin rashinki magani ne ko ƙarin ciwo. Na san wadda ba ta samun barci ba ta da juriyar dogon karatu, don haka ga amsar tun daga farko: ki je. Sai dai ki je kina lura, domin maganar yayanki ba duka ce ta faɗi ƙasa banza ba. Na yi aikin jinya a sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa har na ajiye aiki, daga baya kuma mafi yawan lokacina a wajen zama da mata masu irin halinki yake tafiya. Daga nan zan yi miki bayani.

Dalilin da ya sa abin ya dawo sabo

Mu Hausawa mun iya tarbar mutuwa. Kafin a dawo daga maƙabarta an shimfiɗa tabarmi, maƙwabta sun ɗora tukunya, dangi na nesa sun kamo hanya. A yi zaman makoki, a yi sadakar uku, wasu su yi ta bakwai da ta arba'in. Ita kuma matar mamaci ta shiga takabar wata huɗu da kwana goma kamar yadda aya ta 234 ta Suratul Baƙara ta ajiye. A tsawon wannan lokaci tana da matsayin da kowa ya sani. Mai shigowa ya san abin da zai ce, ita ma ta san abin da za ta amsa. Ana turo wata gwaggo ko ƙanwa ta riƙa taya ta kwana. Ranar fita a yi wanka, a yi kitso da lalle, a sa sabon ɗinki, a zaga dangi a yi musu ban-gajiya. Washegari gwaggo ta ɗaure kayanta ta koma gida.

A wajen jama'a an gama ke nan. A wajen mai rashin kuwa, sau da yawa a nan ake farawa. Watannin farko mutum a ɗimauce yake, zuciya ba ta gama yarda ba, ga hayaniyar baƙi ta cika kunne. Sai gida ya yi tsit ake jin girman gurbin da aka bari. A kuma daidai wannan lokacin ne ake rabon gado, kuɗin makarantar yara ya taso, mai gidan haya ya aiko, abubuwan da ba ki taɓa sanin yadda ake yin su ba duk su dawo kanki. Manyan abubuwan ma ba su ne suka fi karya zuciya ba. Wata da nake zama da ita ta ce mini har bayan shekara, in ta zo kwashe tuwon dare hannunta kan fara kaiwa ga kular maigida, sai ta buɗe murfin sannan ta tuna, ta mayar ta rufe. Wata kuma ƙarar babur ce bayan sallar isha'i: duk wanda ya tsaya a layinsu sai gabanta ya faɗi ta gyara ɗaurin ɗankwali.

Rashin barci, rashin son abinci, mantuwa, faɗuwar gaba, har da jin kamar an ji sallamarsa a zaure, duk sanannun abubuwa ne ga mai sabon rashi, ba alamar taɓin hankali ba ce, ba kuma aljanu ba ne. Kuma kukan da kike yi yanzu bai rushe haƙurin da aka yaba miki ba. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya kuma bayyana cewa ido na zubar da hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma ba a faɗin sai abin da Ubangiji ya yarda da shi. Abin da aka hana shi ne kururuwa da yage tufafi da marin fuska. Matsalar yabon haƙuri a wajenmu ita ce yakan zame wa mace takunkumi: tunda an ce da ita jaruma, sai ta ji kunyar a ga ta karaya.

Ja da bayan ƙawayenki ma yana da dalilai. Wasu ba su san abin da za su ce ba ne bayan "ya haƙuri" ta ƙare. Wasu dama matan abokan mijinki ne, zumuncin ta wajensa ya biyo, da ya tafi igiyar ta saki. Akwai kuma dalili na uku da ba a son faɗa: wasu matan aure tsoron bazawara mai sauran ƙuruciya suke yi, kada yawan shigarta gidan ya sa maigida ya fara tunani. Abin da ciwo, amma gara ki san shi da ki zauna kina lissafin laifin da kika yi musu. Ba ki yi musu komai ba.

A 1999 wasu masana biyu na Jami'ar Utrecht da ke ƙasar Holan, Margaret Stroebe da Henk Schut, suka fitar da bayanin da har yau na fi ganin ya dace da abin da nake gani da idona. Suka ce mai makoki lafiyayye kai-komo yake yi tsakanin hali biyu: wani lokaci ya fuskanci rashin, ya tuna, ya yi kuka, wani lokaci ya kau da kai ya shiga hidimar rayuwa, har ya yi dariya. Kamar mai ɗauke da tulu ce daga rafi mai nisa, tana tafiya tana saukewa ta huta ta sake ɗauka. Wadda ta ƙi saukewa wuyanta zai ƙage, wadda ta ƙi ɗauka kuma ba za ta kai ruwa gida ba. Ke a wata huɗun takaba kin danne kukan saboda idon mutane, yanzu kuma kaɗaici ya hana ki samun inda za ki huta da shi. In kin ci karo da zancen "matakai biyar na baƙin ciki" da ake yawo da shi a intanet, kada ki auna kanki da shi. Asalinsa aikin wata likita ne a Amurka a 1969, kuma da marasa lafiya masu jiran ajali ta zauna, ba da waɗanda aka mutu aka bari ba.

Abin da 'yar uwar rashi ke da shi wanda dangi ba su da shi

Akwai maganganun da ke cin matar mamaci waɗanda ba ta da wanda za ta gaya wa. Tana jin haushinsa don ya ƙi zuwa asibiti da wuri, ko don ya tafi ya bar bashin da bai taɓa gaya mata ba, sannan ta ji ta yi zunubi da ta ji haushin mamaci. Tana tuna saɓanin da suka yi kwana biyu kafin ya kwanta, ba ta nemi gafararsa ba. Tana kewar namiji a matsayinta na mace mai lafiya. Wata ma auren bai yi mata daɗi ba, a ƙasan zuciyarta akwai ɗan sauƙin da take ji, abin yana ba ta tsoro. Wa za ta faɗa wa? Mahaifiya hankalinta zai tashi. Yaya namiji akwai kunya. 'Ya'ya su ake lallashi. Ƙawa mai miji za ta ce "Allah sarki", ta kawo wani zancen.

Wadda ta bi hanyar kuwa ba ta buƙatar dogon bayani. Kina fara magana za ta ƙarasa miki. Ranar da mace ta fara jin wata ta faɗi abin da ita ta ɓoye tana zaton ita kaɗai ce mai wannan mugun tunani, za ki ga kafaɗunta sun sauka. Da ma an ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, to a cikin matan ma wannan ciwon na waɗanda suka san shi ne.

Wannan ba baƙon abu ba ne a addini. A yaƙin Uhudu, shekara ta 3 bayan hijira, Musulmi kusan 70 suka yi shahada, gidaje da yawa a Madina suka shiga takaba a rana ɗaya. Abdurrazzaƙ da Baihaƙi sun kawo riwaya daga Mujahid cewa matan shahidan sun je wajen Manzon Allah suka koka da kewa da tsoron dare, suka nemi izinin su riƙa kwana a gidan ɗayarsu. Sai ya ba su izinin su taru a wajen ɗayarsu su yi hira iya son ransu, in barci ya zo kowacce ta koma ɗakinta. Malaman hadisi sun yi bayanin cewa Mujahid tabi'i ne, bai riski Annabi ba, don haka riwayar ba ta kai ƙarfin waɗanda ke cikin Buhari da Muslim ba, amma malaman fiƙihu sun daɗe suna kawo ta a babin idda. Ki lura, waɗannan suna cikin takabar ma ke nan, ke kuwa kin fita. Wanda ke cikin Buhari da Muslim shi ne na Nana A'isha: idan aka yi rasuwa a danginta mata suka taru, sai ta jira har taron ya watse, ya rage daga 'yan gida sai na jiki, sannan ta sa a dama talbina, wani kunu na garin sha'ir, ta ce su sha, domin ta ji Annabi yana cewa yana kwantar da zuciyar mara lafiya, yana kuma tafiyar da wani sashe na baƙin ciki. Abin da ke burge ni a nan lokacin da ta zaɓa ne. Ta san bayan watsewar taro ake bukatar mutum.

Masana na zamani ta doguwar hanya suka zo suka tarar da wannan. A 1967 wata mai bincike a makarantar likitanci ta Harvard, Phyllis Silverman, ta fara wani shiri a birnin Boston bayan ta lura cewa matan da mazajensu suka mutu ba kasafai suke kai kukansu wajen likita ba, kuma in an tambaye su wa ya fi taimaka musu sai su ce wata ce da ita ma mijinta ya mutu. Sai ta ɗauki matan da suka yi 'yan shekaru da rashi suna ziyartar sababbi a unguwanninsu. A 1980 aka wallafa sakamakon gwajin irin wannan shiri a Toronto ta ƙasar Kanada a kan mata 162, aka ga waɗanda aka haɗa da 'yar uwar rashi sun riga sauran komawa cikin mutane da ƙulla sababbin hulɗoɗi. Ba a ce baƙin cikinsu ya gushe ba. Hanyar ce ta yi musu sauƙin bi.

A Ruwanda, bayan kisan ƙare dangi na 1994, mata 50 da aka kashe wa mazaje ne suka kafa ƙungiyar AVEGA a 1995, ta girma har ta kai ga buɗe wuraren shan magani. A nan gida, Barista Zannah Mustapha ya buɗe makarantar marayu a Maiduguri a 2007, da rikicin Boko Haram ya yi tsanani ya riƙa karɓar 'ya'yan waɗanda aka kashe daga kowane ɓangare, ya kuma haɗa iyayensu mata a ƙungiyar sana'a. Wannan aiki na cikin abin da ya sa Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar yabo ta Nansen a 2017. Maƙwabtanmu Kirista ma Zumuntar Mata ta coci ta daɗe tana wannan hidima.

Akwai kuma amfanin da ba na zuciya ba. A irin wannan zama ne za ki ji yadda ake karɓo takardar shaidar mutuwa daga Hukumar Ƙidaya, da takardar kotu da banki ke nema kafin a taɓa asusun mamaci, da yadda ake bin fansho da giratuti in ma'aikaci ne, da makarantar da ke rangwanta wa marayu. Za ki kuma ji irin mazan da ke zuwa da sunan taimakon marayu alhali da wata manufa suka zo. Waɗanda suka riga ki sun biya kuɗin wannan ilimi da tsada.

Inda yayanki ke da gaskiya

Ba kowane taron zawarawa ne ke warkarwa ba. Na ga wanda ya zama gasar wahala, kowacce na jiran ta baki ta rufe don ta nuna nata ya fi. Na ga wanda mace ɗaya mai baki ta mamaye, kullum labarin dangin mijinta ake ji. Na ga wanda sirrin da aka faɗa da la'asar ya riga mai shi isa gida. Akwai kuma waɗanda aka kafa don a tara sunaye a kai wa masu rabon kayan azumi ko 'yan siyasa, a jera mata a rana a ɗauki hoto da ƙullin shinkafa. Wannan ba ƙawance ba ne. Mafi muni shi ne wanda wata ke amfani da shi tana haɗa mata masu rauni da maza. Yayanki namiji ne, yana jin abin da ake faɗa a majalisa, sunanki yake karewa.

Don haka idan kin je, ga abin da za ki duba. Shin hannuwa na aiki? Zaman da na ga ya ɗore kusan duk akwai abin da ake yi: ɓarar gyaɗa, tsinke zogale, saƙar hula, haɗa turaren wuta da humra, ko bitar karatun Islamiyya. Mu ba mu saba a zauna a da'ira a ce kowa ta faɗi damuwarta ba, kunya ba za ta bari ba. Magana mai nauyi ta fi fita idan ido na kan faranti. Na tuna wata yarinya da ba ta kai talatin ba, mijinta direba ne ya rasu a hatsarin mota. Makonni tana zuwa tana zama a bakin ƙofa, hijabi har ƙasa, takalminta a gefen ƙafarta, daga gaisuwa ba ta ƙara komai. Ba wadda ta matsa mata. Wata dattijuwa ce kullum ke tura mata tiren shinkafa ta ce ta taya ta tsinta. Ran nan tana tsintar, kanta a sunkuye, sai ta ce ita fa ba ta ga gawarsa ba, an ce kada a buɗe mata, har yanzu in an buga ƙofa da dare tana zaton shi ne. Dattijuwar ba ta ce ta yi haƙuri ba. Ta ce nata mijin ma a Saudiyya ya rasu wajen aikin Hajji, jakarsa kawai aka kawo mata, ta shekara tana sauraron ƙofa. Daga ranar yarinyar ta matso tsakiyar tabarma.

Ki duba kuma ko akwai tsofaffin rashi da sababbi a haɗe. Idan duk sababbi ne, babu mai janyo wata. Ki duba ko ana dariya. Zaman da ba a dariya a cikinsa, ko wanda ba a yarda a yi kuka ba, duka biyun da gyara. Ki saurari yadda suke zancen wadda ba ta zo ba ranar, domin haka za su yi naki. Kuma a tashi kafin magariba, kowa ta koma kan 'ya'yanta.

Zancen kuɗi: kusan duk irin wannan zama yakan rikiɗe ya haifi adashi, kuma adashin na da amfani, da shi da yawa suka tayar da jarin awara ko ƙuli-ƙuli. Amma kuɗi ne ya fi komai kashe irin wannan ƙawance. Kada ki shiga zubi a watannin farko, kada kuma ki faɗi abin da kika samu a gado ko abin da yaranki suka samu. Dukiyar marayu amana ce, ba ta shiga adashi. Idan suna da zaure a WhatsApp, zai yi miki amfani da tsakar dare in barci ya ƙi, amma abin da ba ki so duniya ta ji kada ki naɗe shi a murya ki tura.

Kada ki yanke hukunci da zuwan farko. Mai yiwuwa ki dawo da ciwon kai da kumburarrun idanu, yayanki ya ce ai ga abin da ya faɗa. Wannan ba ya nuna zaman ya cutar da ke. Ki ba shi kamar wata biyu, sannan ki auna da abubuwan da ake gani: barcin ya ɗan ƙaru? Kina cin abinci? Yara sun fara ganin fara'arki? Idan kuwa kullum kika dawo sai kin kwana biyu a kwance, kuma ba ya raguwa, to wannan zaman ba naki ba ne. Ki riƙe mace ɗaya ko biyu da hankalinki ya kwanta da su, ki bar taron. Da yawa ma abin da suka tsira da shi ke nan, aminiya guda.

Shi kuma yaya kada ki yi fito-na-fito da shi, za ki bukace shi a gaba. Ki gaya masa gaskiyar halin da kike ciki, domin ina kyautata zaton bai san ba kya barci ba. Shi ma mai haƙurin nan da ake yabo yake gani. Ki roƙe shi ya bar matarsa ko wata babba a gidanku ta raka ki zuwan farko ta gani da idonta. Addu'a kuwa ba a ce ki bari ba. Matan Uhudu sun fi mu addu'a, kuma sun nemi juna.

Abokiyar zamanki

Kin ambace ta a jimla ɗaya kin wuce, ni kuwa a nan na fi tsayawa. Duk matan da za ki tarar ranar Alhamis kowacce nata mijin ta rasa. Mace ɗaya ce tak a duniya ta rasa wanda kika rasa. Ita ta san tarinsa da asuba, ta san abin da yake cewa in miya ta yi gishiri, ta san yadda yake kiran sunan yara in ransa ya ɓaci. In kika ba wasu labarinsa sai kin yi bayani, ita kuwa tare za ku tuna.

Na ga kishiyoyin da suka shekara ashirin ba sa ga maciji, bayan rasuwar maigida suka koma kamar 'yan uwa ciki ɗaya, domin abin da ake kishin a kansa ya tafi, abin da ya rage 'ya'ya ne da jini ya haɗa. Na kuma ga waɗanda rabon gado ya raba har abada. Tumunin da aya ta 12 ta Suratun Nisa'i ta ba matan mamaci mai 'ya'ya guda ɗaya ne, shi za su raba komai yawansu, sauran kuma, bayan kason iyayensa in suna raye, ya bi 'ya'ya, don haka ɗakin da ya fi 'ya'ya, musamman maza, ya fi samu. Ko an yi rabon daidai da shari'a zuciya kan riƙe wani abu, balle in 'yan uwan miji sun sa hannu.

Ba ki faɗi abin da ya shiga tsakaninku ba. Idan shiru ne kawai ya yi tsawo har kowa ke jin nauyin farawa, ki fara. Ki bi ta kan yara: ki shirya su su je gaishe ta, ki ba su ɗan abin hannu su kai. Bayan kwana biyu ki kira ki ce kin kira ne ki ji ya haƙuri. Kada ki ɗauko zancen gado. In akwai haƙƙin da ake jayayya a kai, wannan aikin alƙali ne ko malamin da ya san rabon gado, a raba shi da zumunci. In ta karɓa, alhamdu lillahi. In ba ta karɓa ba, kin buɗe wa yaranki ƙofar 'yan uwansu, wannan ma ba ƙaramin abu ba ne.

Inda ƙawance ba ya isa

Mafi yawan masu rashi suna farfaɗowa da taimakon Allah da na mutanen da ke kewaye da su. Amma bincike ya nuna kusan mutum ɗaya cikin goma baƙin cikin kan kafe masa, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan a jerin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, ta ce ana duba shi ne in an haura aƙalla wata shida, kuma ya wuce abin da al'ada da addinin mutum suka saba. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka kuma shekara guda ta ajiye ga manya. Alamarsa ita ce begen mamaci ya cinye yinin mutum kusan kullum, ya kasa yarda an rasu, ya kasa hidimar gida da ta yara, ya ji rayuwa ba ta da sauran amfani. Ciwon damuwa ma kan shigo ta wannan ƙofa.

Wasiƙa ba ta nuna mini fuskarki, ba zan iya cewa daga nan kin kai wannan matsayi ko ba ki kai ba. Abin da kika kwatanta ya fi kama da makokin da aka jinkirta, amma rashin barci da rashin ci na kusan wata uku sun isa a je asibiti ko da kina zuwa zaman Alhamis. A gwada jininki da sukari, domin watannin farko bayan rasuwar abokin zama lokaci ne da hawan jini da ciwon zuciya ke samun mutane. Idan kina ramewa sosai, ko kin kasa kula da yara, ki nemi ganin likitan ƙwaƙwalwa. Akwai asibitocin tarayya na wannan fanni a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, asibitocin koyarwa ma suna da sashen. Zuwa can ba ya nufin hauka. In kuwa tunanin ki bi shi, ko ki cutar da kanki, ya taɓa zo miki, wannan ba a jira Alhamis: ki gaya wa wani babba a gidanku yau, a kai ki asibiti. Kuma don Allah kada ki karɓi ƙwayar barci ko maganin tari daga kemis ko daga hannun wata a wajen zaman don ta ce ita ya taimaka mata. Na ga matan kirki da suka faɗa shaye-shaye ta wannan hanya.

Yawancin waɗanda na zauna da su matan gari ne da mazajensu suka rasu ta ciwo ko hatsari. Wadda aka kashe mijinta a gabanta, ko aka sace shi ba a ga gawa ba, tana ɗauke da firgici a kan baƙin ciki, ita zaman 'yan uwa kaɗai ba ya wadatar da ita, sai an haɗa da ƙwararru.

Abu na ƙarshe, tunda kin fita takaba kuma da sauran ƙuruciyarki, za a fara kawo miki maganar aure in ma ba a fara ba. Ba aibi ba ne: Ummu Salama ta auri Manzon Allah bayan Abu Salama, Asma'u 'yar Umais ta auri Sayyidina Abubakar bayan shahadar Ja'afar, bayansa kuma ta auri Sayyidina Ali. A wajen zaman za ki tarar da waɗanda suka sake aure suka ji daɗi, da waɗanda suka yi suka fito, da waɗanda suka zaɓi zama kan 'ya'yansu. Ki saurari duka ukun, kada ki bari wata ta tura ki ko ta riƙe ki, kuma kada ki yanke shawara a cikin wannan hali na rashin barci. Kafin ki amsa wa kowa, ki zauna da malami ko alƙali ya yi miki bayanin riƙon yara, domin a mazhabar Malikiyya uwa in ta auri wanda ba muharramin yaran ba, haƙƙin riƙonsu kan koma hannun mahaifiyarta, sannan waɗanda ke biye da ita. Da yara huɗu, wannan shi ne abin da za a fara warwarewa tun kafin a kai ga zancen sadaki.